Janar mai ritaya da maganar iyaka

Wannan jarida na ganin duk tsohon janar da ke neman shugabancin Nijar, kamar yadda Salu Jibo ya yi a zaɓen Disamba 2020, bai cancanci ƙuri'ar Adarawa ba sai ya bayyana manufarsa ta harkokin waje, wato yadda zai yi hulɗa da maƙwabta. Adar ƙasar 'yan cin rani ce, kuma albasar Galmi da dabbobin yankin ta Ƙwanni suke shiga Najeriya, shi ya sa rufe iyakar da shugaban Najeriya na lokacin, Janar Muhammadu Buhari, ya yi a Agustan 2019 ya gurgunta kasuwanni har Tawa. Wajibi ne 'yan kasuwa da sarakunan Adar su nemi kowane ɗan takara ya faɗi matsayinsa kan iyakoki a bainar jama'a kafin ranar zaɓe.