Masani Da Masu Sauraronsa: Darasi Daga Ƙasar Jos

Ƙasar Jos ta daɗe da sabawa da masana. Tun 1924 aka kafa ma'aikatar binciken ciwace-ciwacen dabbobi a Vom, a 1952 aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos, Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975, sa'an nan a 1979 aka buɗe cibiyar nazarin manufofin ƙasa a Kuru. Saboda haka da wuya shekara ta wuce ba a yi taron masu ilmin kimiyya a wannan yanki ba.

Amma duk wanda ya saba halartar irin waɗannan tarurruka, ko a Jos ko a wani gari, ya san wani abin takaici da ke yawan aukuwa. Mutum ya shekara uku yana bincike, a ba shi minti 15 ya faɗi abin da ya gano. Sai ya sunkuyar da kai ya dinga karatun takarda, ko kuwa ya juya wa jama'a baya yana karanta abin da ke kan allon majigi, har shugaban taro ya tsai da shi bai kai ga sakamakon ba. A tafa masa don kunya, kowa ya tashi yadda ya zo.

Wani zai ce wannan ƙaramin al'amari ne, tun da takardar tana nan ga mai bukata. Labarin ciwon bushiya ya isa ya sa a sake tunani. Don yaƙi da wannan annoba ta shanu aka kafa ma'aikatar Vom. A 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka soma gagarumin aikin yi wa shanu allura, aikin ya bazu zuwa wasu ƙasashe har 1976, ciwon ya lafa. Likitocin dabbobi sun san cewa tilas ne a ci gaba da yi wa maruƙan da ake haifa allura kowace shekara. Amma gwamnatoci da dama suka yi sakaci, bushiya ta dawo, a 1983 ta yi wa makiyayan Nijeriya mummunar ɓarna. Sai a 2011 aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya. Dalilan wannan sakaci suna da yawa, har da ƙarancin kuɗi. Duk da haka darasin a fili yake: ilmin da ya tsaya a ɗakin bincike, bai shiga kunnen mai riƙe da baitulmali da mai riƙe da sandar kiwo ba, ba ya tsare ko saniya guda.

A nan Jos kuma aka ga misalin masanin da ya san mutanen da ya kamata ya yi wa magana. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu gasasshe kusa da ƙauyen Nok, aka ajiye shi a Jos. Wajen 1943 wani akawun kuza ya tsinci wani kan a yankin Jama'a, ya kafa shi a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Da aka kawo shi Jos, wani jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya yi karatun tone-tonen kayan tarihi, ya gwada shi da na farko, ya ga aikin jama'a ɗaya ne. Fagg ya rubuta wa 'yan'uwansa masana rahoto, amma bai tsaya nan ba. Ya nemi masu aikin kuza su riƙa sanar da shi duk sa'ad da suka tono irin waɗannan kayayyaki, domin su ne masu hannu cikin ƙasa. Ta haka ya tara fiye da guda 100, duniya ta san al'adar Nok.

Daga Amurka akwai misalin da ya haɗa fuskokin nan biyu. Ran 28 ga watan Janairu 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka hallaka. A daren jajibirin tashin, injiniyoyi sun yi kashedi cewa sanyi zai hana zobban robar da ke toshe mahaɗar roket aiki. Sun gabatar da takardu 13 cike da alƙaluma, amma babu wadda ta jera lalacewar zobban kusa da awon sanyin kowane tashi yadda ido zai kama nan take. Shugabanni suka ce a tashi. Bayan mako biyu, a gaban kwamitin bincike, shaihin malami Richard Feynman ya matse guntun robar, ya tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, ya nuna ba ya komawa siffarsa da sauri. Kowa ya gane. Gaskiyar Hausawa da suka ce gani ya kori ji.

To, mene ne ya wajaba ga wanda aka ba shi fili ya yi bayanin bincikensa? Da farko ya tambayi kansa su wane ne za su saurare shi. Jawabin da ya dace da taron likitocin dabbobi dabam yake da wanda za a yi wa kwamishina, ko wa ardo da jama'arsa a ruga. A Jos, inda Birom da Afizere da Anaguta da Filani da Hausawa ke cuɗanya a kasuwa ɗaya, sau da yawa Hausa ce za ta isar da saƙo inda Turanci ya gaza.

Na biyu, ya fitar da magana guda wadda yake so kowa ya tafi da ita gida, ya faɗe ta tun a farko, kafin ya shiga bayanin yadda aka yi aikin. In ya kasa faɗinta cikin numfashi ɗaya, alama ce shi kansa bai gama tace ta ba. Sauran bayani kuwa, duk abin da bai tallafi wannan magana ba a bar shi cikin takarda.

Na uku, hoto ɗaya ya ɗauki batu ɗaya, da rubutu manya waɗanda na bayan ɗaki zai iya karantawa. Alƙaluma kuma a kawo su kusa da rayuwa. Maimakon a ce kashi 2 cikin 100, a ce a garken shanu 100 biyu ne suka kamu. In abin da ake magana a kansa yana ɗaukuwa, ko dutse ne ko ganye ko kwalbar magani, a zo da shi a ɗaga.

Na huɗu, ya gwada jawabin da babbar murya, da agogo a gabansa, a gaban wani wanda ba fanninsa ba ne. Inda wannan mutum ya yamutsa fuska, nan ne gyara yake. Ranar taro ya isa ɗakin da wuri ya duba majigi da lasifika, ya kuma shirya yadda zai ci gaba in wutar lantarki ta ɗauke.

Na ƙarshe shi ne riƙon amana. Ya faɗi iyakar abin da bincikensa ya tabbatar, kada ya ƙara gishiri. In an yi masa tambayar da ba shi da amsarta, ya ce bai sani ba, zai bincika. Wannan ba ya rage wa masani daraja, ƙara masa yake yi.

Ya kamata jami'o'i da cibiyoyin bincike su ɗauki wannan a matsayin darasin da ake koyarwa tun ɗalibi yana ajin farko. Bai kyautu ba a ce ranar da zai kare aikinsa na ƙarshe a gaban malamai ita ce ranar da ya fara tsayuwa gaban jama'a. Da kuɗin talakawa ake yin bincike, saboda haka haƙƙinsu ne a gaya musu abin da aka gano da harshen da za su fahimta.