A Biya Masu Kashe Wutar Daji Haƙƙinsu

Da zarar damina ta ɗauke a jihar Damagaram, ciyawar makiyaya ta bushe, iskar hunturu ta taso, sai hankalin kowa ya tashi daga Tanut da Belbeji har zuwa Gure da Tesker. Garwashin shayi ɗaya da matafiyi ya bari bai kashe ba ya isa ya cinye abincin da garken shanu da raƙuma za su ci har bazara. Waɗanda ke fita tarar wannan wuta su ne ma'aikatan gandun daji da matasan ƙauyuka, domin 'yan kwana-kwana suna birni, wutar kuwa tana can inda mota ke nutsewa cikin rairayi. Sau da yawa makaminsu ɗanyen reshe ne da shebur, ƙafa cikin silifa, rawani a hanci saboda hayaƙi. Kafin nan ma su ne ke kwashe kwanaki cikin rana suna share hanyoyin tare wuta. Bai kamata mutumin da ya yi wannan aiki ya jira kuɗinsa wata da watanni ba. Ya kamata gwamnati ta biya a kan lokaci, ta sanya wa ma'aikatanta alawus na haɗari, ta ba kowa takalmi da ruwan sha, ta kuma ɗauki nauyin jinyar duk wanda ya ƙone. Ciyawar nan dukiyar ƙasa ce, masu tsaronta kuma sun cancanci kulawa.