Foka a Waya: Ƙaramar Caca Ma Caca Ce

Cacar ƙwallon ƙafa ce ta fi cin kasuwa a wayoyin samarinmu, daga Gusau zuwa Tsafe, daga Bungudu har garinmu Kekun Waje. Amma kwanan nan na fara jin wasu ƙalilan, galibi masu ɗan karatu, suna kawo wata sabuwar hujja. Sun yarda cacar ƙwallo caca ce. Wai wasan kartar nan da ake kira foka, wanda ake bugawa a intanet da mutanen wasu ƙasashe, shi daban ne: ilimi ne, lissafi ne, kuma idan ɗan koyo ya fara daga ƙananan tebura ya yi haƙuri, wata rana zai ci abinci da shi. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, don haka maganar ta shigo gonata, kuma da lissafin zan amsa.

Gaskiya ne akwai ƙwarewa a wasan. Karta 52 ce, ana ba kowa biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya daki-daki, ana zuba kuɗi a kowane mataki. Abin da ake koya wa sabon shiga bai wuce 'yan abubuwa ba: ya riƙa ajiye mafi yawan kartar da aka raba masa ba tare da ya zuba ko sisi ba, ya fi yin wasa idan shi ne na ƙarshen magana, kada ya biye wa fushi bayan an cinye shi, sannan ya auna farashi kafin ya bi. Misali, idan yana riƙe da karta biyu masu alama iri ɗaya, aka shimfiɗa uku, biyu daga ciki irin nasa, to saura tara irinsu cikin 47 da bai gani ba. Damar karta ta gaba ta zo masa daidai kusan kashi 19 cikin 100 ce, wato sau ɗaya cikin biyar. Wanda ya san haka zai fi wanda bai sani ba. Ɗalibin aji uku na babbar sakandare zai iya wannan a allo.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba, kuma ragowarsa ce masu tallar wasan ba su son a yi. Mu ɗauki tebur mafi ƙanƙanta, inda ƙaramin zubi yake santi 1, babba santi 2, ana zama da dala 2. Mu ƙaddara dala naira 1,500 ce, kuɗin zama ya kama naira 3,000. A wurin masu wasan, wanda yake cin ribar babban zubi biyar a kowane zagaye 100 gwani ne a teburinsa. Babban zubi biyar santi 10 ke nan, naira 150. Zagaye 100 a tebur ɗaya yakan ci wajen sa'a ɗaya da rabi. Ke nan gwanin yana samun kimanin naira 100 a sa'a, kafin ya sayi data, kafin ya biya kuɗin caji. Yaron da yake dakon buhun masara a kasuwar Tsafe ya fi shi samu, kuma shi ba ya komawa gida da bashi.

Wannan fa gwani ke nan. Sauran kuma su ne abincinsa, su ne kuma abincin mai gida. Kamfanin da ya shimfiɗa teburin ba ya wasa da kowa, la'ada yake yanka, galibi wajen kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka tara a zagaye. Idan tulin naira 300 ne, ya cire 15. Bayan zagaye 100 da aka yanka, naira 1,500 sun bar teburin, rabin kuɗin zaman mutum guda, ba za su sake dawowa hannun kowa ba. Mutum shida suna ta juya kuɗi a tsakaninsu, tulin yana raguwa. Dole jimillar asarar da aka yi ta fi jimillar ribar da aka ci yawa.

Wani tsohon ɗalibina ya tare ni a shagon cajin waya a Bungudu, inda wayoyi suke jere a kan katako, kowace da lambarta a jikin takarda, janareta yana ta ruri a baya. Ya miƙo mini tasa, gilashin a tsage, ya nuna mini ribar mako guda. Ya ce, "Malam, ka ga dai da idonka." Na ce masa, "Ɗana, nuna mini na wata shida." Sai ya hau sosa ƙeya. Ba laifin ƙwaƙwalwarsa ba ne. A wannan wasa sa'a tana iya rufe rashin iyawa na tsawon dubban zagaye, har masu wasan da kansu suna cewa sai an buga dubun-dubata kafin mutum ya san ko yana ci ne ko ana cin sa. Kafin ɗan koyo ya kai can, kuɗin takinsa sun tafi.

Labarin da ake yaudarar yara da shi na Chris Moneymaker ne, wani akanta a Amurka wanda ya shiga ƙaramar gasa a intanet da ƙasa da dala 100, ya samu gurbi a babbar gasar Las Vegas ta 2003, ya ci dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka zauna a gasar, ɗaya ya ɗauki kambun. Ba a cika ba da labarin ranar 15 ga Afrilu, 2011 ba, lokacin da hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan foka uku, aka gano cewa ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, ba shi da kuɗin biyan masu ajiya a wurinsa, wasu suka yi shekaru suna jira. Haka kuma a 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, wadda masana a Jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook suka ƙera, ta doke ƙwararrun duniya a teburin mutum shida. Yaron da yake zaune a Kekun Waje ba shi da hanyar tabbatar da cewa mutum ne a ɗaya gefen ba na'ura ba. Ga kuma sabis ɗinmu da kowa ya sani: ya ɗauke ana tsakiyar zagaye, lokacinka ya ƙare, a ajiye kartarka, abin da ka zuba ya zama na wani. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ta fuskar addini, malamai sun fi ni sani, amma ko ɗan Islamiyya ya san hukuncin caca a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Ba a ware ƙaramar caca ba, ba a ware wadda ake amfani da basira a cikinta ba. A Gusau aka ƙaddamar da Shari'a ranar 27 ga Oktoba, 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, gidajen caca da na giya suka rufe. A lokacin caca tana da ƙofa da za a garƙame. A Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kusan 30, amma wadda take cikin aljihu ba ta da ƙofa. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce tsara wannan harka hurumin jihohi ne. Ke nan gwamnatin Zamfara da majalisarta ba su da wanda za su jira.

Duk da haka, kame ba zai wadatar ba. Yawancin yaran nan matsalar tsaro ce ta raba iyayensu da gonaki, suka wayi gari a birni da waya a hannu, babu aikin yi. Wanda zai iya auna tara cikin 47 a cikin daƙiƙa goma yana da kan da zai riƙe littafin shago, ya koyi gyaran waya ko haɗa sola, ko ya ci jarrabawar shiga jami'a. Ina roƙon limamai su kira wannan caca da sunanta a huɗuba, Hukumar Hisba ta shiga makarantu da wayar da kai, iyaye su riƙa tambayar inda kuɗin da ake turawa ta wurin mai POS suke zuwa. Mu kuma malaman lissafi mu kai wannan lissafi aji, mu bar yara su fitar da amsar da hannunsu.

Kai kuma ƙanena da kake neman hanyar ƙwarewa a ƙananan tebura, ɗauki biro ka rubuta duk abin da ka zuba da duk abin da ka cire tun ranar da ka fara, ka haɗa da data da caji, ka raba da sa'o'in da ka ɓata. Idan ka ga amsar, goge manhajar, ka nemi sana'a.