Tambarin Faifai Shi Ne Takardar Haihuwarsa

A makon jiya na je gai da wani dattijo a Tirwun, can gefen birnin Bauchi. Muna cikin hira sai ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka, ya fito da faya-fayan garmaho baƙaƙe masu nauyi, ya ce: "Ɗana, waɗannan na mahaifina ne, tun zamanin Gwamna Lugga suke." Na ce: "Baba, a ba ni izini in duba goshinsu."

Abin da nake nufi da goshi shi ne 'yar takardar nan mai zagaye da ake mannawa a tsakiyar faifai. Irin waɗannan faya-faye da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya ake yin su, suna juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowane gefe kuma waƙar kimanin minti uku yake ɗauka. Galibinsu ba a rubuta musu shekara ba, saboda haka tambari da lamba su ne shaida.

Na farkon da na ɗauka yana da hoton karen nan mai sauraron bakin garmaho, wato tambarin His Master's Voice, wanda ya fara bayyana a faya-fayan Ingila a 1909. Amma lambarsa ta fara da haruffan GV, jerin da kamfanin ya soma a 1933 don sayar da kiɗan Kyuba a Afirka. Lugga kuwa ya bar Nijeriya tun 1919. Ashe faifan ya zo bayan tafiyarsa da shekara 14 ko fiye. Dattijo ya yi dariya, ya ce takarda ta fi shi tuni.

Masu tara faya-fayan jaz, wato kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro, su suka fi kowa ƙwarewa a wannan bincike. Kamfanin Victor ya fitar da faifan jaz na farko a 1917. A 1925 aka fara ɗaukar murya da na'urar lantarki, kamfanin kuma ya riƙa buga haruffan VE a jikin faifai don nuna haka. Daga 1926 zuwa 1937 ya yi amfani da tambari mai lanƙwasasshen ado a gefe, kuma sai a 1946 sunan RCA Victor ya hau goshin faifai. Wanda ya san waɗannan matakai, kallo ɗaya ya ishe shi. Kiɗan nan ba baƙo ba ne a Arewa, domin mashahurin mai busa Louis Armstrong ya zo Kaduna a 1960, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello.

Mu ma muna da namu ma'aunin. Faifan Zonophone mai lambar EZ a Landan aka ɗauke shi a ƙarshen shekarun 1920, cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Faifan Decca mai lambar WA kuwa na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. A kansa E. T. Mensah na Gana ya fara fitowa a 1952.

Amma fa a yi hattara. Tambari yana faɗin lokacin da aka buga faifai ne, ba ranar da mawaƙi ya rera waƙa ba, domin kamfani kan sake buga tsohuwar waƙa da sabon tambari. Mai son ranar ɗauka sai ya dubi ƙananan lambobin da aka zana a fili tsakanin tambari da ƙarshen layukan waƙa, ya gwada su da kundin kamfanin.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin faya-fayan dattijon nan, huɗu gara da damshi sun cinye goshinsu. Muryoyin suna nan, amma babu sunan mawaƙi, babu lamba, babu zamani, shi kansa mai su bai iya tuna ko su wane ne ba. Haka tarihi yake salwanta a ɗakunanmu ba tare da kowa ya ji ƙararsa ba.

Saboda haka ina roƙon duk mai irin wannan gado ya kwafe abin da ke goshin kowane faifai a littafi, ya kuma ɗauki hotonsa. A ajiye su a tsaye, nesa da rana da ruwa. Kada a goge su da sifirit, domin yana narkar da ƙaron. Kada kuma a bar wa yara su yi wasa da su, faɗuwa ɗaya ce ajalinsu.

Allah ya ƙara wa dattijon Tirwun lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.