Kada Kyan Yadi Ya Ruɗe Mu Wajen Sayen Katifa

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen 'yan'uwana manoma. Bara na sayar da gero na sayo katifar soso a kasuwar Talata Mafara don kyan yadinta. Kafin kaka ta lotsa, kullum sai ciwon baya, ga noma na jira. Ashe araha ba ta ado! Dole na koma ga tsohuwar katifata ta audugar rimi: ba zafi da bazara, in ta kwanta a shanya, a ƙara cusa mata auduga. Mai son soso ya ɗaga ya ji nauyi, ya danna da gwiwa, in ba ta taso ba ya bar musu abinsu. Masu aurar da 'ya'ya, a kula.

Naka,
Wani manomi,
Faru, Maradun.