Takieta: wutar lantarki ta iso karkara, saura kuben waya

Duk matafiyin da ya baro Damagaram ya nufi yamma bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, bayan tafiyar kilomita wajen 50 zai iske Takieta, mararrabar da hanya ke rabuwa biyu: ɗaya ta miƙe zuwa Tasawa da Maraɗi, ɗaya ta karkata kudu zuwa Matamai da iyakar Nijeriya. A shekarar 2011 ne aka cire wannan yanki daga Mirya aka mai da shi gunduma, mai ƙananan hukumomi uku: Garagumsa, Tirmini da Dakusa. Kamar sauran gundumomin jihar, abin da jama'arta suka fi nema ga hukuma shi ne ruwan sha da wutar lantarki, kuma a yau waɗannan buƙatu biyu sun zama ɗaya, tun da yake rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai famfo ya juya, famfo kuma ba ya juyawa sai da wuta.

Maganar ruwa a ƙasar Damagaram tsohuwar magana ce. Ƙarancinsa na daga cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Saboda haka, duk famfon da ya tsaya a wani ƙauye na wannan jiha, ba ƙaramin lamari ba ne ga mata da yara masu ɗaukar tulu, da makiyayin da ya koro garke tun asuba.

Abin da shekaru biyu suka koya mana

Abubuwa biyu da suka auku a jere sun sa ya kamata a sake duban yadda ake ɗaura waya a karkara. Na farko shi ne yankewar wuta. Jihohin Damagaram da Maraɗi suna samun wutarsu ta babban layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A farkon watan Agusta na 2023, cikin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasa ke amfani da shi. Ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni, mai hali ya sayi injin wuta, wani ya kafa farantan hasken rana, an ja wayoyi cikin gaggawa, ta kan katanga, ta bakin ƙofa, ta cikin rairayi. Wuta ta dawo, amma wayoyin gaggawa da dama suna nan inda aka bar su.

Na biyu shi ne damanar 2024, wadda ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Sama da mutum 300 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasa, sama da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A birnin Damagaram, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Ruwan da ya kayar da ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin, ba waya mai naɗin salatif ce za ta gagare shi ba.

A halin yanzu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin bai ko kusa da haka ba. Hukumar ANPER da aka kafa a 2013 domin kai wuta ƙauyuka, da ayyukan da Bankin Duniya ya tallafa wa irin su NESAP da Haske, duk manufarsu ita ce a ƙara wannan adadi. Ma'ana, aikin da ke gaba ya fi wanda aka yi yawa nesa ba kusa ba. In ba a gyara hannu yanzu ba, kuskuren da ake yi a famfo goma za a maimaita shi a famfo dubu. Tun ran gini, tun ran zane.

Inda ɓarna ke shiga

Wanda ya duba aikin famfon ƙauye da idon basira zai ga cewa manyan kayan ba su cika ba da matsala ba. Farantai suna bisa ƙarafansu, tankin ruwa yana tsaye, akwatin sarrafa wuta yana rufe. Rauni yana can cikin mita ɗaya ko biyu na ƙarshe, tsakanin akwati da bakin rijiya, ko tsakanin bango da injin niƙa, ko tsakanin injin wuta da makunninsa. A nan ne wayar ke fita fili, kuma a nan ne abokan gabarta ke jiranta.

Rana ce ta fari. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, hasken rana kuma yana busar da robar da ke jikin waya har ta yi tauri ta tsattsage. Sai ƙurar hunturu, wadda ke shiga kowace kafa ta taru a mahaɗar wayoyi. In damana ta sauka ƙurar ta jiƙe, sai ta zama gadar da wuta ke bi. Sai jijjigar inji, wadda ke goga waya da bakin ƙarfe dare da rana har jan ƙarfen ciki ya bayyana. Sai ɓera da gafiya masu gwaguya, da kofaton dabbobi a wurin shayarwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar roba ta tsage, ruwa ya shiga, to ɗayan biyu ne: ko wayoyi su haɗu inji ya ƙone, ko wuta ta bi jikin ƙarfe ta jira wanda zai taɓa. Wutar gida volt 220 ce, ta manyan injuna 380, kuma abin da ke iya tsayar da zuciyar mutum mai jiƙaƙƙen hannu bai kai abin da ƙaramar fitila ke ci ba.

Mene ne kuben waya?

Masu sana'ar lantarki suna kiransa «gaine» da Faransanci, ma'anarsa kube, kamar na wuƙa ko na takobi. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne tiyo mai lanƙwasa wanda ruwa ba ya ratsawa. Iri biyu ne. Akwai mai ƙarfe a ciki, wato siririn ƙarfe mai rufin tutiya da aka naɗe kamar murɗaɗɗiyar igiya, sa'an nan aka lulluɓe shi da roba mai kauri. Shi ya dace da wurin da ake taka waya ko ake bugunta, da wurin ɓeraye, da gidan niƙa da gidan walda. Akwai kuma na roba zalla, mai sauƙin nauyi, wanda ba ya tsatsa, ya fi dacewa da wurin da danshi ba ya yankewa. Amfanin lanƙwasarsa shi ne yana shanye jijjigar inji, abin da sandararren bututu ba ya iyawa.

Wajibi ne a rarrabe shi da tiyo mai gaɓa-gaɓa da magina ke binnewa cikin bango. Dokar aikin lantarki ta Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda ma'aikatanmu da yawa suka yi karatu da ita, ta hana a bar tiyo mai ruwan lemo a fili, domin yana cin wuta, wurinsa cikin siminti ne kawai. Ga wayar da za a binne a ƙasa kuma akwai nata tiyo ja, wanda ake sa wa zurfin santimita 50, ko 85 in mota na bi ta kai, a shimfiɗa jar raga a samansa domin mai haƙa ya ankara. Amma sau nawa muke ganin tiyon bango a kwance cikin rana, ko ma tiyon ban ruwan lambu an zura masa waya? Wannan rufin ido ne kawai.

Mai saye yana da abin dubawa ko da bai yi karatun lantarki ba. A jikin akwati da mahaɗai na kirki akan rubuta haruffa biyu, IP, da lambobi biyu a bayansu. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce. IP44 yana jure fantsamar ruwa kawai. IP65 ƙura ba ta shigarsa ko kaɗan, kuma yana jure feshin ruwa. IP67 yana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. A ƙasar hunturu da ambaliya irin tamu, abin da zai zauna a waje bai kamata ya gaza IP65 ba, wanda ke kusa da ƙasa a bakin rijiya kuwa IP67 ya fi. A kuma tambayi mai kanti ko robar tana jure hasken rana, domin ba kowace ba ce.

Kube mai kyau, aiki maras kyau

Sayen kube rabin aiki ne. Ruwa ba ta tsakiyar tiyo yake shiga ba, ta bakinsa yake shiga. Kowane baki yana buƙatar mahaɗinsa na musamman, mai noti da zoben roba, daidai da kaurin tiyon. Wanda ya sayi tiyo mai tsada ya naɗe bakinsa da salatif ya yi asarar kuɗinsa, har ma ya ƙara ɓarna, domin ruwan da ya shiga ba shi da mafita, sai waya ta kwana cikinsa. Haka nan tiyo ya shiga akwati ta ƙasa, ba ta sama ba, a kuma bar masa ɗan lanƙwasa mai saukowa kafin ya shiga, yadda ruwan sama zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi shi ciki.

Ba a cika tiyo da waya. Ƙa'ida ita ce wayoyi kada su ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikinsa, domin a iya zare su in ta kama, domin kuma zafi ya sami wurin fita. Wannan batu na zafi ya fi shafar mu fiye da Turai. Lissafin ƙarfin waya da ke cikin littattafai an yi shi ne bisa zafin digiri 30. In zafi ya kai 45, waya mai rufin roba ba ta ɗaukar fiye da kashi 79 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Ma'aikacin da bai yi wannan ragi ba, ya zaɓi siririyar waya ya cusa ta cikin matsattsen tiyo a rana, ya haɗa gobara da hannunsa.

Ba a yin ɗori cikin tiyo; duk haɗin waya a cikin akwati ake yinsa, inda ido zai iya gani. Ba a karya shi a kwana mai tsanani, ba a barinsa yana reto, sai a ɗaure shi kusa da kowane baki. Kuma kube ba ya maye gurbin wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa, haka nan ba ya maye gurbin makatsin wuta na miliyampe 30, wanda ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum. Ukun nan tare suke aiki, kamar duwatsun murhu.

Nauyin da ke kan kowa

Tambayar ita ce, in abin yana da sauƙi haka, me ya sa ba a yi? Amsa ba ɓoyayya ba ce. Ɗan kwangila yana neman ragowar riba, kuma ya san ranar bukin buɗe aiki idon manyan baƙi yana kan tanki da farantai, ba ya kan abin da ke ƙarƙashin akwati. Kwamitin ruwa na ƙauye bai san abin da zai tambaya ba. Mai gidan niƙa yana ganin kuɗin kube ƙari ne. Alhali kuɗin mita biyu na kube da mahaɗansa ba a kwatanta shi da kuɗin famfo mai nutso, wanda ke cin jikkuna ɗaruruwa, balle kwanakin da gari zai yi ba ruwa ana jiran mai gyara daga Damagaram. Araha ba ta ado.

Saboda haka gyara ya kamata ya fara daga takarda. Hukumomin da ke ba da kwangilar rijiyoyi, ɗakunan shan magani da makarantu su rubuta ƙarara irin kuben da ake so, da lambar IP, da wayar ƙasa, da makatsin wuta, kuma ma'aikatan hukuma kada su sa hannu bisa takardar karɓar aiki sai sun durƙusa sun duba bakin kowane tiyo. Cibiyoyin koyon sana'a su ba wannan darasi muhimmanci, domin yaran da suke horarwa su ne za su ɗaura wayar ƙauyukanmu gobe. Ƴan kasuwar da ke shigo da kaya daga Kano da Maraɗi su kawo tiyo tare da mahaɗansa, kada su sayar da takobi ba kube, ko kube ba baki. Kwamitocin ruwa kuma su ɗauki al'adar zagaya wayoyinsu sau biyu a shekara, kafin saukar damana da bayan ɗaukewarta, su kira ma'aikaci da zarar sun ga tsaga, ba sai hayaƙi ya tashi ba.

Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda ya shugabanci ofishin ONERSOL tun daga 1969, ya ƙare rayuwarsa yana nuna cewa ranar da ke ƙona mu dukiya ce. Yau ga farantai suna ɗaga ruwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken NIGELEC ba. Kiyaye wannan dukiya aikin kowa ne, daga mai sa hannu a ofis har zuwa mai riƙe da mabuɗin famfo. Damana mai zuwa ba za ta jira mu ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.