Matakalar 1951 da Gādon da Ta Bar wa Zamfara

A shekarar 1951, ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, magidanci mai biyan haraji a Nahuce ko Tsafe ya samu damar yin zaɓe, amma ba shi ya zaɓi ɗan majalisarsa ba. Mutanen gari sukan tsayar da wakilai, wakilan su fitar da wasu a gunduma, har a kai ga taron ƙarshe na Lardin Sakkwato, inda ake tantance masu tafiya Majalisar Wakilai ta Kaduna. A wannan mataki na ƙarshe En'e tana da ikon cusa mutanenta, kashi goma cikin ɗari.

An ga amfanin wannan matakala ga masu mulki a Kano. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi rawar gani a zaɓen farko na cikin birni, amma da aka kai ƙoli ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba. Jam'iyyar NPC, wadda manyanta ma'aikatan En'e ne irin su Sardauna Ahmadu Bello, da ya yi aiki a Gusau tun 1938, ita ta cika majalisa. Sai a zaɓen tarayya na Disambar 1959 mazan Arewa baki ɗaya suka jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce, mata kuwa suka jira har shekarun 1970.

Matakalar ba ta mutu ba, cikin jam'iyyu ta koma. Yau ɗan Bunguɗu yana da katin zaɓe, amma 'yan takarar da ake gabatar masa sau da yawa mutane 'yan ƙalilan ne suka tsayar da su, musamman a zaɓen cike gurbi, inda lokaci kan ƙure, jama'a kuma ba su cika fitowa ba. Zamfara ta ɗanɗana kuɗarta ranar 24 ga Mayu 2019, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un da 'yan takarar APC na jihar suka samu saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani. Talaka ya sha rana a layi, laifin shugabanni ya cinye ƙuri'arsa.

Masu kare tsarin daliget suna cewa ya fi sauƙin kuɗi da tsaro, kuma hujja ce mai nauyi a jihar da 'yan bindiga suka addaba. Sai dai da sunan kwanciyar hankali aka kare matakalar 1951 ma. Lauyoyi da malamai da 'yan kasuwar Gusau da ke ƙyamar rajistar jam'iyya su ne suka bar wa 'yan ƙalilan wannan fili, kuma a nan ake yanke wanda zai wakilce su tun kafin ranar zaɓe.